Takabata da Gogen Yayarku

Kun zalunce ni, kai Murtala da ke Rukayya, kuma ba zan tafi kabari da abin a cikina ba. Shekara takwas ke nan kuna barin mutane suna cewa uwarku ta bar takabar ubanku ta tafi gidan giya a Birmingham, ta yi rawa tana watsa kuɗi. Kun ga guntun bidiyon nan da ya zagaye wayoyin mutanen unguwarmu ta Levenshulme har ya kai Kumasi, kuka sunkuyar da kai, babu wanda ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, Mma, me ya kai ki? Na je wurin, gaskiya ne. Akwai giya a wurin, ita ma gaskiya ce. Rawa kuwa ban yi ba. Haƙuri kuma ba zan ba kowa ba, domin laifin da na yi a ranar ba shi ne wanda kuke jin kunyarsa ba. Ban iya riƙe biro ba sai da na shekara arba'in da shida, a wani ɗaki a bayan laburare, tsakanin matan Somaliya da wata tsohuwa 'yar Pakistan da ke barci in an kai rabin darasi. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da shi, maganar dai a miƙe take.

Sai na fara da Yayarku, domin ita ce maganar. 'Yar fari ce. A zangon Kumasi inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukar shi ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai fara rugawa ba. Uwata har ta rasu ban taɓa jin sunan Yaya Haruna a bakinta ba, "wancan" take cewa, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ta son shi. Na ɗauko kunyar nan na zo da ita Manchester tare da daddawa da kuka, na sauke ta a gida mai ɗaki biyu a bayan Stockport Road. Ku biyun na goya ku, na rungume ku a ƙofar makaranta yadda na ga Turawa suna yi. Ita kuwa "ke" ce. Ke, zo nan. Ke, ci abinci. In malamarta ta yabe ta a gabana sai in kau da kai in dubi bango. A zuciyata tarbiyya nake yi. Kun ga ko a takardar nan "Yayarku" nake rubutawa, hannun ya saba.

Bangon gidajen layinmu kun san shi, in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa sannu. A ɗaya gefen bangon akwai Bridie da mijinta Tom, mutanen Ailan da suka riga mu zuwa unguwar da shekaru. Tom yana da goge irin nasu mai tsirkiya huɗu, kullum in ya ci abincin yamma sai ya ɗauko shi. Tun Yayarku tana 'yar shekara bakwai nake samun ta a kan matakala ta manna kunne a bango. Wata rana Bridie ta buɗe mata ƙofa, daga nan ta zama 'yar gida. Ni lokacin ina sharar ofis da asuba, ina aikin gidan tsofaffi da rana, murna ma na yi da aka samu mai duba min ita. Da Tom zai rasu ya ce a ba ta gogen. Babanku bai taɓa son abin ba. A wurinsa goge na 'yan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu, haka ya gan shi yana yaro. Amma ya ɗauke shi a wasan makaranta ya yi shiru, har ranar da wani direban tasi cikin mutanenmu ya zo ya ce ya gan ta a mashaya tana kiɗa, Turawa suna tafi. A ranar muka ji cewa ta bar karatun haɗa magani a jami'a tun wata uku da suka wuce. Shekarunta goma sha tara.

Kun tashi kuna cewa Babanku ne ya kore ta. Ba shi ba ne. Shi faɗa ya yi har muryarsa ta dushe, sannan ya zauna a kicin ya riƙe kai. Ni ce na hau sama washegari bayan ta fita, na ɗauke gogen da akwatinsa, na naɗe shi a tsohon zane, na tura shi saman wadirof ɗina a bayan akwatunan Makka. Da ta dawo ta birkice ɗakinku kaf, sannan ta sauko ta same ni ina tuƙa tuwo.

"Mma, ina gogen Tom?"

"Masu kwasar shara sun tafi da shi da safe."

"Ki dube ni ki sake faɗa."

Na ajiye muciya, na dube ta cikin ido, na sake faɗa. Ba ta yi kuka ba. Kafin sati ya zagayo ta haɗa kayanta ta tafi Birmingham. Na ce wa kaina yunwa za ta dawo da ita, in ta dawo ta koma karatu sai in sauko mata da abinta. Yunwa ba ta dawo da ita ba. Shekara tara gogen yana saman kaina ina barci a ƙarƙashinsa, ko Babanku bai san yana nan ba.

Babanku ya faɗi a kicin cikin watan Afrilu, ya dawo daga tasi ke nan ko takalmi bai cire ba. Wannan kun sani, kuna nan. Yayarku ta zo ranar addu'ar uku. Falo cike da mata, Gwaggonku Fati, yayar Babanku, tana zaune kusa da ni tana karɓar gaisuwa, don ita ta ɗauki ragamar takabata tun daga ranar farko. Yarinyar ta shigo da gyale wanda da gani aro ta yi, ta ratsa mata ta durƙusa a gabana.

"Mma, ya haƙuri?"

Hausarta ta yi tsatsa, amma ta faɗa daidai. Idon kowa yana kaina, idon Gwaggonku ya fi na kowa. Na ce, "Kin iso?" na juya na amsa gaisuwar wata. Ta yi kamar minti biyu a durƙushe, ta tashi. Da yamma da ake kwashe kwanuka na ga takarda a ƙarƙashin filas ɗin shayi na, da tikiti a maƙale.

Sati biyu ina ɓoye takardar nan cikin littafin addu'o'ina kafin na zauna na karanta ta harafi harafi. Hoton mutum shida ne, ita ce ta biyu daga hagu, da goge a kafaɗa. Ranar Lahadi ce cikin watan Yuni, ƙarfe huɗu na yamma, a wani zaure a tsakiyar Birmingham. A baya ta rubuta adireshinta na unguwar Handsworth da hannunta, a ƙasa kuma kalma uku da Hausa: in kina so. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Ba kwalli, ba turare, ba fita sai da lalura, kuma duk inda ka je da rana a gidan mijinka za ka kwana. Ranar da aka sa ɗin nan na yi wata biyu ke nan. Ban tambayi malami ba, don na san duk malamin da zan tambaya a unguwar nan kafin la'asar maganar ta kai kunnen Gwaggonku. Ni na yanke wa kaina hukunci. Na ce in zuwa wurin likita don gwiwa lalura ce, to wannan ma lalura ce, in kuwa na yi kuskure tsakanina da Ubangijina ne.

Bridie kaɗai na gaya wa, ta kan katangar bayan gida muna shanya. Ta so ta raka ni, ƙugunta ya hana. Sai ta tsaya da 'yan maƙalan shanya a hannu tana yi min darasi kamar mai tura yaro makarantar kwana.

"Adiza, ki sa takalmi mai faɗi, babu kujera, tsayuwar awa biyu ce. Ki tafi da auduga ki toshe kunne. Kiɗan ba irin na Tom ba ne, waɗannan sun haɗa gogen da lantarki da manyan ganguna, a haƙarƙarinki za ki ji shi. Kada ki tsaya a tsakiya, in kiɗa ya yi zafi za su kama gwiwar hannunki su juya ki, ba sa tambaya. Kuma za a zuba miki giya a ƙafa. Ba da gangan ba ne, kada ki mari kowa."

"Wa na taɓa mari?"

"Mutumin da ya ajiye mota a ƙofarki fa?"

"Shi ya nema."

Ta yi dariya har da tari, sannan ta daina. Ta ce, "Abu ɗaya ya rage. Can wajen ƙarshe za su rage fitila, kowa ya ajiye kayan kiɗansa, mutum ɗaya ya yi wani kiɗa mai sanyi shi kaɗai. Wannan na matattu ne, da waɗanda suka tafi ba su dawo ba. A nan ko tari ba a yi. Ki tsaya inda kike har a gama."

Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, da kunne.

Ranar Lahadin na ce da ke Rukayya zan fita, kina kan waya ko ɗago kai ba ki yi ba. Na hau coach, doguwar bas ɗin nan, da baƙin hijabina da silifas ɗin takaba, na yi sallar azahar a wani lungu a tashar Birmingham, na nuna wa mutum uku takardar kafin na samu wurin. Layi ne dogo a bakin ƙofa. Na zaci yara zan gani masu askin banza, sai na ga rabinsu sa'o'ina ne, tsofaffi masu farin gemu da ƙaton ciki, mata da jikokinsu, matasa da baƙaƙen riguna, wasu da koren gyale a wuya duk da zafin da ake yi. A ƙofa wani ya karɓi tikitin ya ce in miƙo hannu zai buga min hatimi. Na ce ya buga a takarda. Ya ce a hannu ake bugawa. Na ja hijabi na rufe hannun na miƙa masa, ya dube ni, ya buga a kan hijabin. Har yau tabon yana nan, wanki bai fitar da shi ba.

Ciki duhu ne kamar ba rana ake yi a waje ba. Warin giya da zufa ya tare ni tun daga ƙofa, ƙasa tana kama silifas ɗina tana saki. Na samu ginshiƙi a gefen hagu na jingina, na cusa auduga. Da farko wani saurayi ne ya fito da gita shi kaɗai ya yi waƙa huɗu, mutane suna ta hirarsu, na ji tausayinsa. Sannan fitilu suka mutu, zauren ya ɗauki ihu, suka fito su shida. Akwai mai manyan ganguna a baya, da masu gitar lantarki biyu. Akwai wata mace mai wani akwati da take ja tana matsewa kamar zugazugin maƙera. Akwai wani dogo da ke zaune da jakar fata a hammata yana matsa ta, tana kuka kamar algaita, in ya ajiye ta ya ɗauki 'yar sarewar ƙarfe ko wata ganga mai faɗi kamar rariya da ake bugu da guntun sanda. Sai ita. Kanta a buɗe, ta rage gashi, da takalmin sojoji a ƙafa. Ta yi ƙiba kaɗan a kafaɗa. Ta ɗaga gogen ta saka a ƙarƙashin haɓa yadda Tom yake yi, har karkatar kan iri ɗaya.

Bridie ba ta yi ƙarya ba, a haƙarƙari na ji shi. Suna farawa a hankali, sai su ƙara sauri, su sake ƙarawa, har ka ce hannun yarinyar nan zai tsinke, sai kuma su juya zuwa wani kiɗan ba tare da sun tsaya ba, duk zauren ya yi kururuwa a daidai juyin kamar sun san da zuwansa. Mutane suna dukan ƙasa da ƙafa ɗaya, daben katako yana motsi a ƙarƙashina. Wata mata mai jan gashi ta kama gwiwar hannuna za ta ja ni cikin masu juyi, na ce mata a'a, ta sumbaci iska ta wuce. An zuba min giyar a ƙafa, ban mari kowa ba. Tsakanin masu saurin akwai waƙoƙi, na cire audugar kunne ɗaya don in kama maganar. Abin da na iya tsinta, jirgin ruwa ne, da yunwa, da aiki a ƙasar wasu, da uwa da aka bari a bakin teku. In an zo amshi mai waƙar sai ya yi shiru ya miƙa musu makirfo, zauren gaba ɗaya ya ɗauka. Wani tsoho kusa da ni yana riƙe da kofin giya yana rerawa da ƙarfi, hawaye na bin gemunsa, bai damu ya share ba. Na tsaya ina kallonsa. Shekara talatin ina zaune da mutanen nan ban san su ma baƙi ba ne masu kewar gida.

Ita kuwa ban taɓa ganin ta haka ba. A gidana yarinya ce mai tafiya a gefen bango. A can tana tsalle, tana dariya da mai ganga, tana ɗaga gira mutum ɗari biyar su yi tafi. Na ce a raina, ashe haka fuskarta take.

Sai aka rage fitila. Sauran biyar suka ajiye kayansu suka koma baya. Ta matso gaban makirfo, tana haki, ta yi magana da Turancinku na Manchester. Ta ce wannan na mahaifinta ne da ya rasu wata biyu da suka wuce, bai taɓa jin ta a kan dandamali ba. Ni ba ta ambace ni ba. Ba ta san ina wurin ba, fitilar da ke idonta ba ta barin ta ga kowa. Zauren da ke girgiza ɗazu ya yi tsit, har ƙarar firijin masu sayar da giya ina ji. Ta ja izgar a hankali. Kiɗan ba shi da ganga, ba shi da sauri, yana hawa ya tsaya kamar mai son yin magana, ya sauko. Ban san sunansa ba. Amma na san muryar, ita ce muryar gogen da nake ji a zango ina yarinya in ana biki a layin bayanmu, ina leƙe ta katanga.

A nan na yi abin da kuka gani a bidiyo. A wurinmu in makaɗi ya taɓa maka zuciya ba ka tsayawa kamar gunki. Tashi kake yi ka ratsa fili, kowa yana kallo, ka manna masa kuɗi a goshi, don duniya ta shaida cewa wannan naka ne kuma ya isa. Ban taɓa yaba yarinyar nan da baki ba, bakin bai iya ba. Wannan hanyar kaɗai na sani da ba ta buƙatar magana. Maganar Bridie ta fita daga kaina kamar ba a yi ta ba. Na buɗe jaka na zaro takardar kuɗi, na ɗaga ta sama, na fara ratsa mutane. Silifas ɗina yana kama ƙasa yana saki, kowane taku ana jin sa. Mutane suna juyowa, wani ya ce shhh. Na kai matakalar gefen dandamali, na sa ƙafa a ta farko, sai wani ƙaton mai gadi mai baƙar riga ya riƙe min dantse.

"Sake ni," na ce da Hausa, kuma ban faɗa a hankali ba. Sannan na ce da Turanci, "'Yata ce."

Gogen ya tsaya. A tsakiyar kiɗan ya tsaya, kamar an yanke shi da wuƙa. Ta sa hannu ta kare fitila tana dubowa. Tsakanina da ita bai fi taku biyar ba. Mai gadin ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. Ya sunkuyo ya tambaye ni, kuma a shirun nan har na baya sun ji.

"'Yarki ce? To, mene ne sunanta?"

Ni na zauna ranar suna aka raɗa mata shi. Yana nan a bakina, a kan harshe. Shekara ashirin da takwas ban fitar da shi ba, sai ga shi ana nema a gaban mutum ɗari biyar, ina cikin takabar ubanta. Na buɗe baki. Na ga ta sauke gogen daga haɓarta tana jira. Ba mai gadin take kallo ba, ni take kallo. Na ɗaga hannun da ke riƙe da kuɗin na nuna ta.

"Waccan," na ce.

Wani ya yi 'yar dariya a baya. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce wa mai gadin ya ƙyale ni, mahaifiyarta ce. Ta ba jama'a haƙuri, ta mayar da gogen, ta sake kamo kiɗan daga farko. Ta kai shi ƙarshe, amma ko ni da ban san kiɗan ba na ji ba shi ne na ɗazu ba. Kuɗin ya zame daga hannuna ya faɗi a jiƙaƙƙen dabe, ban ɗauka ba. Bayan nan suka yi masu sauri biyu, suka shiga ciki, aka yi ta dukan ƙasa har suka sake fitowa suka yi ɗaya. Duk ina tsaye a gindin matakala, babu mai matsowa kusa da ni.

Da aka tashi rana tana nan sama, kun san yinin Yuni. Mai gadin nan ne ya kai ni ƙofar baya inda suke loda kaya a mota. Ta fito da tawul a wuya, ta ce wa abokanta su ba ta minti biyar. Muka tsaya kusa da manyan kwandunan shara.

"Kin zo," ta ce.

"Na zo."

"Cikin takaba."

"Na sani."

"Me za ki yi da kuɗin?"

"Liƙi zan yi miki. A goshi. Haka ake yi."

Ta yi wata irin dariya ta share fuska da tawul. Daga nan ta koma Turanci, ni ina amsawa da Hausa, yadda muka saba faɗa.

"Na tsaya ina jira, Mma. Na ce yau dole ta faɗa, an tambaye ta kai tsaye."

"Ba ƙi ba ne. Kunya ce. Uwata ba ta taɓa kiran sunan Kawunki Haruna ba."

"Na sani, an sha gaya min. Wa ya rene shi?"

"Kakarmu."

"Tana kiran sunansa?"

"Har waƙa take yi masa da shi."

"To ni wa ya yi min? A can in uwa ta kau da kai akwai kaka, akwai gwaggo, akwai gida guda masu ɗauka. Ke kin kawo kau da kan, kin baro masu ɗaukar a Kumasi. Bridie ce kawai, da Tom. Shi ma abin da ya bar min kin ba masu shara."

Ban taɓa tunanin abin ta nan ba, ko sau ɗaya a shekara ashirin da takwas. A nan ya kamata in ce mata gogen yana nan. Na ji tsoro. Na ga in na faɗa, shekara taran da ta yi tana makokin abin da ke saman wadirof za ta ɗora a kaina a wurin, kuma ta yi daidai. Ta dubi silifas ɗina da ya jiƙe, muryarta ta sauko.

"Ki zo Handsworth ki kwana. Gidan ƙarami ne amma akwai gado, ni sai in kwanta a kujera. In dafa miki wani abu."

"Ba zan iya ba. Mai takaba a ɗakin mijinta take kwana."

"Kin karya ta kin zo nan."

"Fitar rana daban, kwana daban."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To." Ita ta kai ni tasha a motar kayan, gangar nan mai kama da rariya tana gungurawa a bayanmu. Da zan sauka ta ce in gaishe ku. Ban gaishe ku ba, yau nake isar da saƙon.

Kada ku zaci ina rubuta wannan don in ce komai ya gyaru. Tana kirana ranar sallah, wani lokaci da azumi. Ta zo bikinki, Rukayya, ta tafi kafin magariba. Tun ranar da ta bar gidan nan har yau ba ta sake kwana a cikinsa ba, kuma ba ta sake cewa in kwana a nata ba. Sau ɗaya aka yi min tayin, na zaɓi abin da na zaɓa. Har gobe ina ganin daidai ne mai takaba ta kwana a ɗakinta, kuma har gobe ina biyan kuɗinsa da abin da ba kuɗi ba.

Bidiyon ya riga ni isowa Manchester. Washegari ko karin kumallo ban yi ba na ji muryar Gwaggonku Fati a falo, da taka, Murtala. Tana cewa a kira malam a ji ko takabar za a sake daga farko, tana cewa ƙaninta ko wata uku bai yi a ƙasa ba. Kai kana cewa ba ka san da wane ido za ka shiga masallaci ba. Ina zaune a bakin gado ina jin ku ta cikin dabe. Na jawo kujera na taka, da gwiwar nan tawa, na ture akwatunan Makka, na jawo gogen. Zanen ya yi ƙura har ya canja launi. Na warware shi na yar, na goge akwatin da gefen hijabina mai hatimi, na saka takardar da ke da adireshin Handsworth a jaka. Na sauko da shi a hannu, ban rufe shi da komai ba.

Kai ka fara ganin shi, ka gane shi, na ga bakinka ya buɗe. Gwaggonku ta miƙe ta tare hanyar ƙofa.

"Adiza, ina kuma za ki? Ba ki gaji da ja mana magana ba? Wannan kuma na wane ne?"

A gaban dangin miji ne kunyar ɗan fari ta fi nauyi, kuma duk dangin Babanku babu wadda nake jin nauyinta kamar matar nan. Na dube ta yadda na dubi yarinyar a kicin shekara tara kafin ranar.

"Na Maimuna ne," na ce. "Zan kai mata. Kafin magariba na dawo."

Na ratsa ta gefenta na buɗe ƙofa, na bi Stockport Road da gogen a hannu zuwa tashar bas.